Daren Dajin Maraɗi: a Hannun Wa Yake?

Hausawa sun ce dare rigar mugu. A jahar Maraɗi wannan zance ya tashi daga karin magana, ya koma rahoton halin da ake ciki. Da an sallame isha'i, in ban da sintirin soja da jandarma, wanda ba ya iya kai wa kowane lungu, dajin da ya miƙa daga Madarumfa zuwa iyakar Najeriya, da wanda ya tashi daga Dakwaro ya yi arewa, yakan koma hannun mutum uku: ɓarawon shanu, da ɗan fasa-ƙwauri, da maharbin da ke farauta da fitilar mota. Mutumin kirki ba ya da abin da zai kai shi can, kuma ba a yi wani tanadi da zai sa ya so zuwa ba. Alhali kuwa akwai ƙasashen Afirka da suka mai da wannan dare kansa haja, suna sayar da shi ga baƙo da ɗan gida, suna biyan albashin masu tsaron daji da kuɗinsa.

A gandun namun daji na Kruger, a Afirka ta Kudu, wanda mutum fiye da miliyan ɗaya ke ziyarta a shekara, ba a yarda baƙo ya yi yawo da motarsa bayan an rufe ƙofa ba. Wanda yake son ganin dare sai ya biya, ya shiga buɗaɗɗiyar motar hukumar gandu, tare da ɗan jagora wanda ya san daji, a fita kusan faɗuwar rana ko bayan duhu ya yi, a yi awa biyu ko uku ana tafiya a hankali kamar mai rakiyar amarya. A gandun Luwangwa ta Kudu, a Zambiya, wannan fita ta dare tana cikin abubuwan da suka yi wa wurin suna, saboda damisa, wadda ba ta cika bayyana da rana ba. Kayan aikin ba su da yawa. Mota ce mai ƙarfi, da babbar fitila guda da ake riƙewa a hannu, da mutumin da ya san inda zai haska.

Sirrin abin yana cikin idon dabba. Mafi yawan namun da ke yawo da dare Allah ya yi musu wani shimfiɗi mai ƙyalli a bayan ido, wanda ke mayar da haske kamar madubi domin su ga hanya cikin duhu. Shi ya sa idon kyanwa ke walƙiya in an haska ta a tsakar gida. Ɗan jagora yakan share gefen hanya da fitila, dama da hagu, har sai ya hango ɗigo biyu suna ƙyalli. Daga tsayinsu a bisa ƙasa, da tazarar da ke tsakaninsu, da yadda suke motsi, gwani zai faɗi ko zomo ne, ko dila, ko barewa, tun mutanen mota ba su ga jikin dabbar ba. Sai direba ya kashe inji. Waɗanda suka taɓa yin wannan fita sun fi yawan ba da labarin shirun nan da ke biyo bayan kashe inji fiye da labarin dabbar kanta, domin a lokacin ne kunne ke buɗewa, a ji kukan gyare, da fiffiken yautai da ya tashi daga tsakiyar hanya, da haushin dila daga nesa, sama kuma cike da taurarin da mutumin birni ya manta akwai su.

Mai karatu na iya cewa wannan zancen ƙasashen da ke da zaki da damisa ne, Maraɗi kuwa me ya rage mata? Abin da ya rage ya fi yadda ake zato, sai dai ba ya fita sai mutane sun kwanta. Akwai yanyawa, mai manyan kunnuwa, wadda ke haƙa ramukanta cikin jigawa ta yini a ciki, ta fito da dare neman ƙwari da ɓeraye da ƴaƴan itace. Akwai dila, wanda tatsuniya ta naɗa malamin daji. Akwai bushiya, da zomo, da gafiya, da kyanwar daji, da inyawara mai zanen wutsiya wadda ke hawan itace kamar ba ta da nauyi. Beguwa, mai kibiyoyi a baya, da dage, wanda ko maciji ba ya ja da shi, da dabgi, wanda ke fasa suri da farce ya lashe dubban gara a dare guda, sun yi ƙaranci ƙwarai, har yaran yanzu sun fi sanin sunayensu a bakin kaka fiye da kamanninsu. Ita kuwa kura, wadda ta cika tatsuniyoyi da karin magana, yawancin matasan Maraɗi in sun taɓa ganinta to a kasuwa ne, da takunkumi a baki da sarƙa a wuya, gardi na janta ana jefa masa kuɗi.

Waɗannan halittu ma'aikata ne, kuma aikin da suke yi na manomi ne. Mujiya, wadda ake jifa in ta sauka bisa katanga don an ce tana kiran mutuwa, iyalinta guda na cinye ɓeraye dubbai a shekara. A Malesiya masu gonakin kwakwar manja har akwatuna suke kafa mata domin ta yi sheƙa ta rage musu ɓarna. Manomin fadamar Jiratawa, wanda ke noman rani da ruwan famfo tun farkon shekarun 1980, ya san abin da ɓera ke yi wa shuka da bakin kwalbati, ya kuma san kuɗin da yake kashewa wajen sayen guba a kasuwa, gubar da in ɓera ya ci, mujiya ta ci ɓeran, ita ma sai ta mutu. Haka nan jemage. Murzuna, tsutsar nan da ke cin zangarniyar hatsi har ta bar manomi da kara, uwarta wani ɗan malam-buɗe-littafi ne da ke tashi da dare yana zuba ƙwai bisa kan gero. Binciken da aka yi a gonakin gero na Senegal ya nuna tsuntsaye da jemagu na cikin masu rage ta, musamman inda aka bar itatuwa cikin gona. Masanan INRAN a Maraɗi sun shafe shekaru suna kiwon wani ƙaramin ƙwaro suna sakinsa a ƙauyuka domin ya kashe murzuna, aiki ne mai kyau, amma abin mamaki ne a ce ana kashe kuɗi a kiwata maƙiyin murzuna guda, ana kuma barin yara na kakkaɓo wani da danƙo. Dila da kura kuma su ne ke share mushe bayan fari ko annobar dabbobi, kafin ya ruɓe a bakin rijiya.

Yadda aka yi dare ya talauce ba ɓoyayyen abu ba ne. Bayan ambaliyar 1945 da ta ci tsohon garin Maraɗi a cikin fadama, an mai da gari bisa tudu, daga nan kuma bai daina faɗaɗa ba. Unguwar Zariya, inda ma'aikata da ƴan kasuwa suka gina gidajen siminti, dattawa na tuna lokacin da take gonaki. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da 260,000 a cikin birnin, kuma kowa ya san adadin ya wuce nan da nisa. Tsakanin Maraɗi da Tibiri, ko Maraɗi da Jiratawa, da wuya a sami saurar da aka bari ta huta. Ba a zargin kowa da wannan, mutane ne suka yawaita, kuma dole su ci. Amma akwai ɓarnar da aka yi da gangan. Tun zamanin Turawa har bayan samun mulkin kai, an yi ta zuba guba cikin mushe a faɗin Sahel domin kashe kura da dila da sunan kare dabbobin makiyaya, gubar kuwa ba ta tambayar sunan wanda ya ci, ta kwashe har da ungulu. Farin 1973 da na 1984 suka zo suka ƙarasa abin da ya saura. Dajin Babban Rafi, kudu da Maraɗi, wanda giwaye ke shigowa cikinsa daga Najeriya a shekarun 1980 da 1990, gatarin masu itacen girki da gawayi ya yi masa illa, daga baya ƴan bindiga suka mai da shi maɓoya.

Sai kuma fitilar mota. Zomo ko barewa in haske mai ƙarfi ya bugi idonta, takan tsaya cik, ta rasa inda za ta nufa, har yaro ma zai iya harbinta. Maharbin gargajiya, mai baka da kwari ko bindigar toka, yakan yi kwana da kwanaki yana bin sawu kafin ya sami nama guda, yana kuma da ƙa'idojin da ya gada game da mai ciki da mai shayarwa. Mai kat-kat da fitila da bindigar zamani yakan share jigawa guda kafin asuba. Talaka ba ya da kat-kat. Kowa ya san irin mutanen da ke da ita, da irin manyan baƙin da aka riƙa buɗe wa hamadar ƙasar nan suna farautar tuje da barewa da ayarin motoci. Doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar, ta hana farauta daga cikin mota, ta kuma hana farautar dare, da fitila ko babu fitila. Rubutun ya yi kyau. Sai dai doka ba ta hawa mota ta shiga daji da kanta, ma'aikacin gandun daji kuma, wanda sau da yawa babur guda gare shi da man da bai kai ya kawo ba, ba ya iya tsare wanda ya fi shi mota, ya fi shi bindiga, ya kuma fi shi sanin manya.

Duk da haka jahar Maraɗi na riƙe da wata dukiya da jahohi da yawa ba su da irinta. Gandun Gadabeji, arewa da Dakwaro, an keɓe shi tun 1955, faɗinsa ya kai kadada 76,000, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da duniya ta amince a kiyaye rayuwar da ke cikinsu tare da mutanen da ke kewaye. A watan Nuwamba na 2018 aka ɗauko raƙuman dawa 8 daga yankin Kure, kusa da Yamai, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su cikin babbar mota, aka sake su a Gadabeji, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga irinsu ba. A 2022 aka ƙaro 4. Irin wannan raƙumin dawa babu shi a ko'ina cikin daji a duniya sai a Nijar. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage, kiyayewa ta sa suka haura 600. Ga barewa, ga jan biri, ga dila da yanyawa, ga tsuntsaye. Abin tambaya shi ne, cikin alhazan da ke da rumfuna a babbar kasuwa, da daraktocin da ke zaune a Zariya, mutum nawa ne suka taɓa taka ƙafa a Gadabeji? Akwai wanda ya je Dubai sau goma, ya kai ƴaƴansa gidan namun daji na Kano, bai san cewa a jaharsa akwai raƙumin dawa da ke kiwo babu shinge ba.

Masu adawa da wannan magana suna da hujja, kuma hujjar mai nauyi ce. Ranar 9 ga Agusta 2020, a Kure, ƴan bindiga suka kashe Faransawa 6 ma'aikatan agaji, da direbansu da ɗan jagoransu ƴan Nijar, waɗanda suka je kallon raƙuman dawa da safe tsaka. Gandun W, wanda ke cikin kayan tarihin duniya tun 1996, rashin tsaro ya raba shi da masu yawon buɗe ido. A nan gida, tun wajen 2019 gundumomin Gidan Rumji da Madarumfa ke fama da satar mutane da kwasar shanu, suna kuma karɓar dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina. Wanda aka sace wa ɗa aka nemi fansa, in an zo masa da zancen kallon yanyawa, yana da haƙƙin ya ɗauka ba'a ake masa. Kuma gaskiya ce Bature mai kyamara ba zai dawo nan kusa ba. Duk wanda ya gina shiri bisa jiran Bature, ya gina bisa rairayi.

To amma daji bai zama maɓoya don yana da duhu ba. Ya zama maɓoya ne don babu wanda ke da amfanin halal a cikinsa bayan magariba. Inda mota ke fita kowane dare bisa hanya sananniya, da ma'aikaci mai rediyo, da ƴan jagora daga ƙauyukan gefe waɗanda abincinsu ya rataya ga lafiyar wurin, baƙuwar fuska ba ta daɗewa ba a gane ta ba, sawun babur ba ya kwana ba a tambayi mai shi ba. Ba a cewa motar masu kallo za ta kori ƴan bindiga daga Babban Rafi. Wannan aikin soja ne, kuma wanda ya kai ƴan makaranta can da dare a halin da ake ciki ya cancanci a ɗaure shi. Maganar ita ce wuraren da ba su riga sun faɗa hannun miyagu ba, a cika su da mutanen kirki tun kafin su faɗa. Gadabeji ce ta farko, in jami'an tsaro sun tabbatar da hanya. Kusa da gari kuma ana iya farawa da abu ƙarami, wanda bai wuce fitar magariba zuwa isha'i ba: gefen Gulbin Maraɗi ta wajen Tibiri, da gonakin Jiratawa, inda mujiya da jemage da bushiya da yautai ba su ƙare ba. Sassaben zamani, wato barin tsiron itace ya girma cikin gona, wanda ya samo asali a wannan jaha a shekarun 1980 har ya mayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a gonakin kudancin Nijar, ya dawo wa ƙananan namun da wurin fakewa ba tare da an yi niyyar haka ba. Gawo da kalgo da sabara da aka bari domin taki da itacen girki, su ne kuma masaukin tsuntsun dare.

Wa zai biya? Ɗan ƙasa. Maraɗi gari ne na kuɗi, sunan alhazanta ya kai har cikin littattafan masana na Faransa. Abin da ake ɓatarwa a bikin aure guda a Zariya, tsakanin anko da maroƙa da hayar kujeru, ya isa ya kai ajin makaranta guda Gadabeji ya dawo da su. Ma'aikacin gwamnati da ke samun hutu ya rasa inda zai kai iyalinsa in ba gidan surukai ba, shi ma kasuwa ne. Ɗan kasuwar da ya iya kai kaya Kano da Kwatano ba zai kasa lissafin mota biyu, da rumfunan kwana, da mai dafa abinci ba. Abin da ke hana shi, bai ga takardar da ta fayyace masa haƙƙinsa da na hukuma ba, ɗan kasuwa kuwa ba ya zuba jari inda sharaɗi ke canzawa duk ranar da aka canza shugaban ofis.

Ƴan jagora kuwa ba sai an aika Yamai neman su ba. Maharban Gobir da na Katsinar Maraɗi, waɗanda ke da sarakunansu da tsarinsu tun kafin zuwan Bature, sun san sawun kowace dabba, da kashinta, da kukanta, da watan da take haihuwa. Wannan ilimi yana mutuwa tare da masu shi, domin ɗan maharbi a yau ya fi son kabu-kabu, kuma ba a ga laifinsa ba, tunda gadon ubansa ba ya ciyar da shi. Dattijon da zai iya tsayar da mota ya nuna ramin yanyawa, ya bambanta kukan mujiya da na yautai, ya ba da labarin abin da ke cikin wannan daji a zamanin kakansa, ya fi kowane ɗan boko dacewa da aikin. A ba shi kati, a yanka masa rabo sananne daga kowace fita. Barewa guda in an harbe ta, kuɗin nama ne na yini ɗaya. In tana raye, ana iya nuna ta ga mota ɗari. Makiyayan da ke kewaye da Gadabeji, Fulani da Buzaye, waɗanda ake hana su shiga da dabbobinsu ba tare da sun ga abin da gandun ke ba su ba, dole rabonsu ya fito fili, in ba haka ba za su ɗauki gandun abokin gaba, kuma babu gandun da ya taɓa tsira alhali maƙwabtansa na ƙinsa.

Akwai haɗari guda da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Fitilar mai kallo da fitilar mai harbi iri ɗaya ce, motar ma iri ɗaya ce. In aka ba da izinin fitar dare babu tsari, an buɗe wa mafarautan manya ƙofar da doka ta rufe, kowa ya ɗauko bindiga ya ce kallo ya zo. Saboda haka sharuɗɗan su zama kaɗan, masu tsauri, waɗanda ba su san babba ba. Kada mota ta fita sai da ma'aikacin gandun daji a ciki, kada bindiga ta shiga in ba tasa ba, a rubuta lambar mota da sunayen mutane da lokacin fita da na dawowa. Kada a sauka daga hanya a bi dabba. Kada a dafe fitila a idon dabba, musamman irin su barewa da raƙumin dawa, waɗanda haske ke rikitawa har su faɗa hannun abin da ke farautarsu ko su karye. A wasu gandaye na kudancin Afirka ana sa jan gilashi a bakin fitila don rage wannan cuta, abu ne da ba ya da tsada. Kada kuma a sauka da ƙafa babu takalmi mai rufi, domin kububuwa da kunama su ma da dare suke fita, asibiti kuwa yana da nisa.

Sauran magana ta kuɗi ce, a nan ne kuma shirye-shirye da yawa na ƙasar nan suka mutu. Kowane baƙo a ba shi rasit mai lamba. A liƙa farashi a ƙofar gandu da Hausa da Faransanci, da rabon baitulmali, da na ƙaramar hukuma, da na ƴan jagora, da na ƙauyukan gefe, a kuma karanta jimillar abin da aka tara a gidan rediyo ƙarshen kowane wata uku, yadda makiyayin da ke Gadabeji zai ji da kunnensa. Lokacin da ya dace da fita shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an kai amfanin gona gida, hanya ta bushe, ciyawa ta kwanta, zafi bai sauko ba. Gwamnan jaha, da hukumar gandun daji, da majalisar ƴan kasuwa ta Maraɗi, da fadar Sarkin Katsinar Maraɗi da ta Sarkin Gobir a Tibiri, zama guda ya ishe su su fitar da wannan takarda kafin sanyi mai zuwa, su gwada da mota ɗaya, su kuma fara da kai ɗaliban ajin ƙarshe na makarantun Dakwaro, waɗanda gandun ke bayan gidansu.